Daga Wasiƙar Ayari zuwa Ƙunshin Kwamfuta: Tarihin Manhajojin Karanta Saƙo Bayan an Ajiye Waya, da Misalin Unguwar PK5 ta Bangi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da katin waya yana lissafin abin da ya rage masa a aljihu ya san cewa magana da na nesa kuɗi ce. Wannan takarda za ta duba wata dabara da aka ƙirƙiro domin rage wannan kuɗi tun intanet ba ta yaɗu ba, wato daga shekarar 1987 zuwa tsakiyar shekarun 1990. Dabarar ita ce mutum ya kira layi na ɗan lokaci, ya kwaso saƙonninsa gaba ɗaya cikin ƙunshi guda, ya ajiye waya, sa'an nan ya zauna ya karanta, ya rubuta amsa a natse. An yi manhajoji da dama domin wannan aiki, kuma zaɓen guda daga cikinsu ya kasance babban al'amari ga masu amfani da su.

An ɗauki unguwar PK5 ta birnin Bangui, wato Bangi a bakin Hausawa, a matsayin madubin duba wannan tarihi. Ba a san 'yan kasuwar wannan unguwa da amfani da irin waɗannan manhajoji ba, amma sun daɗe suna fama da matsalar da manhajojin suka zo magancewa, wato nisa da tsadar layi da yawan yankewarsa. Abin da takardar ke son nuna wa ɗalibin harshe shi ne, a kowane zamani mutane kan zaɓi hanyar saƙo mafi araha, harshensu kuma shi ke cike giɓin. A wajen Hausa, abin da aka rasa shi ne baƙaƙe masu ƙugiya.

2.0 Unguwar PK5 da Hanyoyin Saƙonta na Dauri

Faransawa ne suka kafa Bangi a shekarar 1889 a gaɓar kogin Ubangi. Ta zama hedikwatar yankin da suka kira Ubangi-Shari, wanda ya sami 'yancin kai ranar 13 ga Agusta, 1960 da sunan Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Sunan PK5 taƙaitawa ce ta Faransanci mai nuna nisan kilomita biyar daga tsakiyar gari. Unguwar tana cikin gunduma ta uku, a nan babbar kasuwar birnin take, a nan kuma babban masallaci yake. Daga cikin mazaunanta akwai waɗanda asalinsu Hausawa ne, da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da mutanen Senegal da Mali, ban da 'yan ƙasa na kabilu dabam-dabam. Sango shi ne harshen titi da kasuwa, amma ana jin Hausa da Fulatanci da Larabci.

Zuwan Hausawa wannan yanki ya riga mulkin Faransa kafuwa. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 fatake ke bi ta Adamawa da Ngaundare suna shiga ƙasar Gbaya, inda kasuwar Kunde ta yi suna wajen cinikin hauren giwa da bayi. Falken da ya yi wannan nisa yana buƙatar jin labarin gida da farashin kaya, shi ya sa yake da tsarin saƙo nasa. Yakan rubuta wasiƙa da ajami ko Larabci, ko ya sa malami ya rubuta masa. Yakan ba madugu ko wani amintaccen matafiyi. Idan ayari ya sauka zango, sai a miƙa wasiƙun ga fatoma, shi kuma ya ajiye har masu su su zo.

Ana iya lura da abubuwa uku a wannan tsari. Na farko, ana rubuta saƙo ne ba cikin gaggawa ba. Na biyu, ana tara saƙonni a ɗauke su tafiya guda. Na uku, akwai sanannen wurin ajiya da mai saƙo zai je ya karɓa. Da motoci suka maye gurbin ayari, direbobin manyan motoci masu bin hanyar Duwala zuwa Bangi, mai tsawon sama da kilomita 1,400, suka gaji aikin madugu. Daga baya kaset ya shigo, wanda bai iya rubutu ba sai ya naɗi muryarsa ya aika. Waɗannan siffofi uku su ne za a sake gani cikin kwamfuta.

3.0 Asalin Allon Saƙo

A watan Janairu na 1978 dusar ƙanƙara ta rufe birnin Shikago na Amurka, ta hana mutane fita. Ward Christensen da abokinsa Randy Suess suka yi amfani da wannan zaman gida suka haɗa wata kwamfuta da layin tarho, yadda wani zai kira ta daga tasa kwamfutar ya bar rubutu, wani kuma ya kira daga baya ya karanta. Sun buɗe ta ranar 16 ga Fabrairu, 1978, suka sa mata suna CBBS. Sun aro sunan ne daga allon sanarwa irin wanda ake liƙa takardu a kai a makarantu da ofisoshi. Irin wannan kwamfuta ita ce aka sani da BBS, a wannan takarda kuma za a kira ta allon saƙo, mai kula da ita kuma a kira shi mai allo.

Na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho sunanta modem. Ta farkon zamanin tana tura kimanin harafi 30 a daƙiƙa guda, har mutum na iya bin rubutun da ido yana fitowa. Yawancin allunan layi guda ke gare su, saboda haka mutum guda ne ke iya shiga a lokaci guda. Dole mai allo ya ƙayyade wa kowa mintocin da zai yi a rana.

A 1984 Tom Jennings ya kafa tsarin FidoNet, wanda ya sa allunan ke kiran junansu cikin dare, lokacin da kuɗin kira ya fi sauƙi, su yi musayar saƙonni. A 1986 Jeff Rush ya ƙara wata dabara da ta sa zance guda ke zagaya alluna masu yawa, yadda mutumin wani gari zai yi tambaya, na wata ƙasa ya amsa. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 allunan da ke cikin FidoNet sun haura 30,000. An raba duniya shiyya shida, Afirka ita ce ta biyar. Wannan bunƙasa ta haifar da sabuwar matsala. Saƙonni sun yi yawan da mutum ba zai iya karanta su cikin mintocin da aka ba shi ba. In ya zauna yana karatu yana tunanin amsa, kuɗin tarho na hawa, wasu kuma na can suna ta kira suna jin layi a cike.

4.0 Ƙunshin Saƙo

A 1987 Mark Herring ya fito da tsarin QWK domin allunan da ke aiki da manhajar PCBoard. Aikin ya kasu kashi biyu. A wajen mai allo akwai wata ƙaramar manhaja da ake kira ƙofa. Ita ke tattara duk sababbin saƙonnin mutum, ta matse su wuri guda da manhajar matse rubutu irin ARC ko PKZIP, wadda Phil Katz ya fitar a 1989. A wajen mai karatu kuma akwai manhajar karatu. Ita ke kwance ƙunshin bayan an ajiye waya, ta jera saƙonnin bisa zaurukansu, ta ba da damar rubuta amsa. Amsoshin sai su taru cikin wani ƙunshi mai laƙabin REP, wanda za a tura wa allo a kira na gaba.

Lissafi kaɗan zai nuna amfanin wannan. Modem mai lamba 2400, wadda ta yaɗu a ƙarshen shekarun 1980, tana tura kimanin harafi 240 a daƙiƙa. A ƙaddara mutum yana da saƙo 100, kowane na da harafi 1,000. Jimla harafi 100,000 ke nan, turo su zai ci kimanin minti bakwai. In an matse su suka koma rabi, minti uku da rabi sun isa. Amma in zai karanta su yana riƙe da layi, ko da minti guda ya ba kowane saƙo, ya ci minti 100 bai rubuta amsa ko guda ba. Har ila yau, tsarin turawa na ZMODEM, wanda Chuck Forsberg ya yi a 1986, yana iya ci gaba daga inda layi ya yanke, ba sai an koma farko ba. Ga mai layi marar kyau wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

5.0 Ma'aunan Zaɓen Manhaja

Bayan QWK ta karɓu, manhajojin karatu suka yawaita. Herring kansa ya fitar da DeLuxe da 1stReader. Greg Hewgill ya yi SLMR, wadda kamfanin Mustang Software ya karɓa ta koma OLX. A 1990 Fred Rappuhn da George Hatchew suka fito da Blue Wave mai nata tsarin ƙunshi. Hector Santos kuma yana da Silver Xpress. Mai son zaɓe yakan duba abubuwa kamar haka.

5.1 Ƙofar da Allo ke da Ita

Zaɓen mai karatu yana bayan na mai allo. In ƙofar QWK kaɗai allo ke da ita, to dole a nemi manhajar da ke kwance QWK. Wannan ya sa QWK ta fi kowace yaɗuwa, duk da cewa ba ita ce mafi inganci ba. Su ma masu Blue Wave daga baya sun sa manhajarsu ta iya karanta QWK.

5.2 Ƙarfin Kwamfuta

Yawancin manhajojin an yi su ne domin DOS, wadda ke aiki cikin ƙwaƙwalwa mai girman kilobait 640. Mai tsohuwar kwamfuta yakan nemi manhaja marar nauyi wadda za ta shiga faifai guda. Masu Amiga da Macintosh kuma sai sun nemi nasu dabam.

5.3 Kuɗi

Da yawa daga cikin manhajojin ana ba da su ne a gwada, in an gamsu a aika wa mai su kuɗin rajista da dala. Ga Ba'amurke abu ne mai sauƙi. Ga mai riƙe da sefa ko naira, samun dalar da hanyar aika ta duk aiki ne. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, wato duk abin da ake saye da kuɗin waje ya ninka a dare guda, daga Bangi har Yamai.

5.4 Tsawon Suna da Kanun Saƙo

QWK ta keɓe harafi 25 kacal ga sunan mai aikawa, 25 ga na wanda aka aika wa, 25 kuma ga kanun saƙo. Suna irin Alhaji Abubakar Muhammad Bello yana cin gurbi 30 in an haɗa da giɓin da ke tsakanin kalmomi. Da ya shiga QWK, Bello zai faɗi gaba ɗaya, a bar Alhaji Abubakar Muhammad, wanda kuwa ana iya samun da yawa a kasuwa guda. Blue Wave ta bi iyakar FidoNet, wato harafi 35 ga suna da 71 ga kanu, shi ya sa masu FidoNet da yawa suka fi son ta.

5.5 Ɗorewa

Wannan ma'auni sai daga baya aka gane muhimmancinsa. An daina gyara Blue Wave tun cikin shekarun 1990, kuma asirin gininta yana hannun masu ita. Da shekarar 2000 ta kama, sai kwanan wata ya rikice mata, dole masu amfani da ita suka koma ga facin da wasu suka yi. Ita kuwa MultiMail, wadda William McBrine ya daɗe yana kula da ita, an bar gininta a buɗe ga kowa. Tana karanta QWK da Blue Wave duka, kuma da ita ake iya buɗe tsofaffin ƙunshe-ƙunshen da aka adana.

6.0 Yadda Dabarar ta Shigo Afirka

A Amurka allon saƙo ya fi zama abin sha'awa ga masu kwamfuta a gida. A Afirka kuwa ya shigo ne ta hannun jami'o'i da ƙungiyoyi masu zaman kansu da asibitoci, domin su ne ke da layin tarho da kwamfuta. A ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ta fara musayar saƙo da gidan Randy Bush da ke Portland a Amurka ta hanyar FidoNet. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar GreenNet ta Landan ta buɗe mashigar GnFido, wadda ta haɗa cibiyoyi irin su ELCI a Nairobi da MANGO a Harare da ENDA a Dakar da PADIS a Addis Ababa da sauran duniya. Sau da yawa Landan ce ke kiran cibiyoyin, domin kira daga can ya fi araha.

A nan an ƙara wa dabarar armashi. Maimakon mutum ya shiga allo da kansa, sai a mayar da kwamfutarsa ƙaramin reshe na cibiya. Da manhaja irin FrontDoor, kwamfutar ce ke kira da kanta, ta ba da ƙunshi, ta karɓi ƙunshi, ta ajiye waya cikin minti ɗaya ko biyu. In layi ya ƙi, sai ta yi ta sake gwadawa har ta samu, mai ita na barci.

A ƙasashen renon Faransa, cibiyar bincike ta ORSTOM ta kafa tsarin RIO, wanda ya fara daga Dakar a 1989 ya kai Bamako da Wagadugu da Yamai da Lome da Yawunde. Tsarin turawarsa UUCP ne, amma manufar guda ce: a tara, a tura, a ajiye waya. Ƙungiyar SatelLife, wadda Dokta Bernard Lown ya kafa, ta ma kauce wa layin tarho ɗungurungum. Ƙaramin tauraron ɗan'adam ne ke wucewa ta saman tasha 'yan lokuta a rana, ya kwashi saƙonnin likitoci, ya sauke su a wata tasha in ya iso kanta.

A Nijeriya, layukan tarho masu aiki ba su kai rabin miliyan ba lokacin da wayar salula ta GSM ta fara aiki a watan Agusta na 2001. Da shagunan intanet suka buɗe a birane irin Kano da Zariya, ana biyan kuɗi ne bisa minti. Ɗalibai da yawa sai su rubuta wasiƙarsu tun a waje, su sa a faifai, su shiga shago su tura, su kwafe amsa su fita. Ba su san QWK ba, amma lissafin da ya haife ta shi suka yi.

7.0 Makomar Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Akwai ma'auni guda da babu wata manhaja ta wancan zamani da ta cika shi ga Bahaushe, wato haruffa. Kwamfutar IBM ta 1981 ta zo da jerin alamomi 256 da aka sani da lamba 437, kuma a kansa allunan suka ginu. A cikinsa akwai é da è da à da ç na Faransanci. Akwai kuma ƙananan wasula masu hula da masu ɗigo biyu, irin su â da ê da ô da ä da ë da ö, waɗanda ƙa'idar rubutun Sango ke amfani da su wajen nuna karin sauti. Ke nan Sango ya ci albarkacin Faransanci. Amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Ajami kuwa, da yake daga dama yake farawa, ba shi da wurin zama sam. Bugu da ƙari, zauruka da yawa na FidoNet sun hana amfani da duk wani harafi da ya wuce na Ingilishi, saboda gudun ya rikice a hanya.

Ƙugiya ba ado ba ce a rubutun boko. An tsayar da ita ne tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, domin ta bambanta sautuka masu bambanta ma'ana. A duba waɗannan: kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, daki da ɗaki, baki da baƙi, kare da ƙare. Ɗan kasuwar da ya karɓi saƙo mai cewa "ya kare" sai ya duba abin da ya gabata kafin ya gane ko wani ne ya ba da kariya, ko kaya ne suka ƙare. Ɗan harshe yakan gane daga muhallin magana. Mai koyo kuwa, wanda bai riga ya san kalmar ba, zai ɗauke ta da lafazin da ba nata ba.

An bi hanyoyi dabam-dabam na maganin wucin gadi. Wasu sun watsar da ƙugiyar kawai. Wasu sun sa alamar ɗauri kusa da harafin. A cikin shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka taimaka wa maɗaba'u da marubuta ƙwarai. Sai dai irin waɗannan salo suna aron gurbin wasu alamomi ne su ɗora ƙugiya a kai. In rubutu ya je kwamfutar da ba ta da salon, sai asalin alamar ta bayyana. Wannan ne dalilin da ɗalibi zai buɗe tsohon kundi ya ga an rubuta qasa da xaya da varawo, ko ya ga alamomin baka sun cika shafi a gurbin ƙ da ɗ.

Maganin dindindin ya samu tun 1991, lokacin da tsarin Unicode ya ba kowane harafi mai ƙugiya lambarsa ta kansa. A 1992 kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wato hanyar tura waɗannan lambobi. Amma an daɗe kafin kwamfutoci da wayoyin da ke hannun talakawa su iya nuna su, kuma kafin nan hannu ya riga ya saba.

8.0 PK5 a Zamanin Salula

'Yan kasuwar PK5 daga wasiƙar direba da kaset suka tsallaka zuwa wayar salula. Telecel ya fara aiki a Bangi cikin shekarun 1990, Orange kuma ya shigo a 2007. Gajeren saƙon tes ya fi kira araha, saboda haka shi aka fi amfani da shi wajen tambayar farashi da sanar da isowar mota. Shi ma ajiya ne da turawa: in wayar mutum tana kashe, saƙon zai jira a wajen kamfani har ya kunna. Shi ma kuma ya maimaita wa Hausa abin da allon saƙo ya yi mata. Tes guda yana ɗaukar harafi 160 muddin ba a fita daga jerin haruffan GSM ba. Da an sa ƙ guda ɗaya, sai wayar ta koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kacal, saƙo guda ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ninka. A wannan karon Sango bai tsira ba, domin babu â da ê da ô a jerin GSM. Wato rubuta Hausa ko Sango bisa ƙa'ida ya fi rubuta su ba bisa ƙa'ida ba tsada.

Muhimmancin saƙo mai araha ya fito fili lokacin rikici. 'Yan tawayen Seleka sun kama Bangi ranar 24 ga Maris, 2013. Ranar 5 ga Disamba na wannan shekara mayaƙan Anti-balaka suka kai hari birnin, aka shiga kashe-kashen ramuwa da ya ci rayukan Musulmi da Kirista. Dubban Musulmi suka gudu Cadi da Kamaru, ƙasashe irin Nijeriya da Nijar da Mali suka kwashe 'yan ƙasarsu. Waɗanda suka rage suka tattaru a PK5, inda fita daga unguwar ya zama kasada, har zuwa lokacin da Paparoma Francis ya ziyarci babban masallacinta ranar 30 ga Nuwamba, 2015. Iyali guda ya rabu tsakanin Bangi da Garwa-Bulai da Njamena, waya ce kaɗai ta haɗa su.

Cikin wannan hali, a farkon watan Yuni na 2014, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Catherine Samba-Panza ta umarci kamfanonin waya su dakatar da tes a duk faɗin ƙasar, bayan an yaɗa kiran yajin aiki ta wannan hanya. Ba a ɗage dokar ba sai a ƙarshen watan Yuli. Kira bai tsaya ba, amma ya fi tsada, kuma sai an dace wayar wancan ɓangaren tana kunne. Wannan ya nuna raunin tsarin da duk saƙonninsa ke bi ta hannun kamfanoni 'yan kaɗan, domin umarni guda ya isa ya rufe shi. An ga akasin haka a yaƙin tsohuwar Yugoslabiya. Da aka yanke layin tarho tsakanin Zagreb da Belgrade, masu fafutukar zaman lafiya sun kafa alluna masu suna ZaMir daga 1992, suna zagayawa da ƙunshin saƙo ta wata kwamfuta da ke Bielefeld a Jamus, har saƙo ya riƙa shiga Sarajevo tana cikin ƙawanya.

A watan Agusta na 2013 WhatsApp ya fito da saƙon murya, wanda ya karɓu sosai a wajen 'yan kasuwa masu jin Hausa. Mutum na iya naɗar magana ba ya kan intanet, ta jira cikin waya, ta tafi da zarar ya kunna data. Kaset ne ya dawo cikin sabuwar riga. Sai a 2023 aka ƙaddamar da layin intanet na ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Kwango. Kafin nan ƙasar ta dogara ne da tauraron ɗan'adam, wanda ya sa data ta yi tsada.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa manhajojin karanta saƙo bayan an ajiye waya sun taso ne daga tsadar layi, kuma sun bi siffofi ukun da aka gani a wasiƙar ayari. An ga cewa mai zaɓen manhaja yakan duba ƙofar allo da ƙarfin kwamfuta da kuɗi da tsawon suna, amma ɗorewa sai a shekarar 2000 aka san darajarta. An kuma ga cewa haruffan Hausa ba su shiga lissafin masu ƙera kayan ba, daga jerin 437 har zuwa na GSM.

A yau uzurin na'ura ya kau. Wayoyin zamani suna da allon rubutu na Hausa, kuma ƙ ba ta ƙara ko sisi a saƙon da ya bi ta intanet. Abin da ya rage shi ne sabo, wanda ya sa ake ganin Hausa marar ƙugiya har a allunan talla da takardun ofis. Saƙon murya kuma, duk da ya kuɓutar da lafazi, ba ya barin rubutu. Masanin tarihi na iya karanta wasiƙar ajamin da falke ya rubuta shekara 100 da suka wuce, yana kuma iya buɗe ƙunshin QWK na 1992 da MultiMail. Muryoyin da suka riƙa kai-komo tsakanin PK5 da sansanonin gudun hijira na Kamaru kuwa suna cikin wayoyi ne, waya kuma takan lalace ko ta ɓata. Tattara irin waɗannan saƙonni da izinin masu su, da rubuta su bisa ƙa'ida, fage ne na bincike da ke jiran ɗaliban sashen harsuna.